Lissafin Awon Haske da Kwaikwayon Kwamfuta a Jinyar Ciwon Daji: Yadda Ake Yin Sa da Yadda Za a Faɗe Shi da Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake lissafa awon hasken da ake haska wa mai ciwon daji kafin a kwantar da shi a ƙarƙashin na'ura, tun daga lissafin hannu har zuwa dabarar kwaikwayon kwamfuta da aka fi sani da Monte Carlo. An ɗora bayanin a kan halin da majinyacin Kaduna yake samun kansa, wanda akan gano cutarsa a asibitocin cikin gari irin na Tudun Wada, sannan a tura shi Shika ta Zariya. Maƙalar ta kawo misalan lissafi da mai karatu zai iya bi da alƙalami, ta nuna inda lissafin sauƙi yake gazawa, ta kuma kawo haɗurra biyu da suka auku a duniya saboda kuskuren lissafi. Daga ƙarshe ta auna kalmomin da Hausawa suke amfani da su a wannan fage, musamman kalmar "gashi", tare da ba da shawarar waɗanda suka fi dacewa da haƙiƙanin aikin.

Fitilun Kalmomi: ciwon daji, awon haske, tsara jinya, kwaikwayon kwamfuta, ƙirƙirar kalmomi

1.0 Gabatarwa

Hanyoyi uku ne manya na jinyar ciwon daji a asibiti: tiyata, da magungunan da ake sa wa majinyaci ta jijiya ko ta baki, da haska wurin ciwon da haske mai ratsa jiki. Ƙiyasin da masana suka daɗe suna aiki da shi shi ne, kusan rabin masu wannan cuta za su buƙaci hanya ta uku a wani mataki na jinyarsu. A Nijeriya ciwon dajin mama da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa su ne kan gaba wajen yawa, kuma dukkansu ana haska su.

Wanda aka gano cutarsa a babban asibiti irin Asibitin Tunawa da Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tafiyar kimanin kilomita 80, ko kuma Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Na yankin Sakkwato suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Jamhuriyar Nijar kuwa sai a shekarar 2021 aka buɗe cibiyar haskawa ta farko a Yamai. Idan majinyaci ya isa, akan ɗauki hotonsa, a yi masa alamu a fata, a ce ya dawo bayan wasu kwanaki. Da yawa sukan ɗauka jan rai ne kawai. Alhali a cikin waɗannan kwanaki ne ake yin aikin da ya fi kowanne nauyi, wato lissafin yawan hasken da kowane sashe na jikinsa zai sha.

Manufar maƙalar biyu ce. Ta farko, a bayyana wannan lissafi da Hausa ta yadda manazarcin harshe zai fahimci abin da yake son raɗa wa suna. Ta biyu, a auna kalmomin da ake da su a kan wannan fahimta, domin kalmar da aka ƙirƙira ba tare da sanin aikin ba takan ɓatar da mai sauraro.

2.0 Haske Mai Ratsa Jiki da Ma'auninsa

A shekarar 1895 Wilhelm Röntgen na ƙasar Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a 1898 kuma Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin rediyam a Faransa. Ba a jima ba likitoci suka lura cewa wannan haske yana ƙanƙantar da ƙari, yana kuma illata lafiyayyen nama. Dalili shi ne, hasken yana tafe ne a matsayin ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da ƙarfi. Idan ƙwayar haske ta yi karo da wani abu a cikin jiki, sai ta fizgo ƙwayar lantarki, wato elektiron, ta harba ta. Wannan elektiron ita ce take ratsa ƙwayoyin halittar jiki tana tsinka zaren gadonsu, har su kasa hayayyafa. Ƙwayoyin daji ba su iya gyara wannan ɓarna kamar yadda lafiyayyu suke yi, shi ya sa ake rarraba jinyar zuwa zama da yawa, domin lafiyayyen nama ya sami damar farfaɗowa tsakanin zama da zama.

Ma'aunin awon haske shi ne gire, wanda aka raɗa wa sunan masanin Ingila Louis Harold Gray, aka kuma amince da shi a matsayin ma'aunin duniya a 1975. Gire 1 yana nufin kilo ɗaya na nama ya sha ƙarfi jul ɗaya. Tsarin da aka saba shi ne gire 2 a kowane zama, kwana biyar a mako. Ciwon dajin mama, alal misali, an daɗe ana ba shi gire 50 a zama 25, daga baya bincike ya tabbatar da ingancin gire 40 a zama 15. Lafiyayyun gaɓoɓi kuma kowacce da iyakarta: lakar gadon baya ba a son ta wuce gire 45 zuwa 50, domin abin da ya haura haka yana iya jawo shanyewar jiki.

Tsakanin warkewa da illa tazara ce ƙanƙanuwa. Tun a 1976 hukumar duniya mai kula da ma'aunan haske ta ba da shawarar kada awon da ya isa ƙari ya saɓa wa abin da likita ya rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. Idan ya gaza, cutar takan dawo. Idan ya zarce, majinyaci yakan warke daga daji ya faɗa wata larura. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fage idon ba ya ganin abin da ake aunawa ko kaɗan, don haka dole a koma ga mudu.

Na'urori iri biyu ake amfani da su wajen haskawa daga wajen jiki. Ta farko ita ce mai ɗauke da sinadarin kobal-60, wadda aka fara jinya da ita a Kanada a 1951, kuma irinta ce cibiyar Shika ta daɗe tana aiki da ita. Sinadarin yana fitar da haske da kansa dare da rana, ƙarfinsa kuma yana raguwa da rabi a duk shekara 5.27. Ta biyu ita ce linak, wadda take samar da hasken daga wutar lantarki, da an kashe ta hasken ya ɗauke. Haskenta ya fi ratsawa, amma tana buƙatar tsayayyar wuta da ƙwararrun masu gyara.

3.0 Matakan Tsara Jinya

Aikin yana farawa da hoton siti, irin na'urar da Godfrey Hounsfield ya fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971. Wannan hoto yana yanka jiki faifai-faifai, yana kuma ba kowane ɗigo lamba gwargwadon yadda yake tare haske: ruwa sifiri ne, iska tana ƙasa da sifiri da 1000, huhu yana kusa da iska, ƙashi kuwa yana sama da ruwa da ɗaruruwa. Daga waɗannan lambobi kwamfuta take gina siffar majinyaci da ƙananan tubala, kowane tubali faɗinsa milimita 2 zuwa 3, kowanne da nauyinsa.

Daga nan likitan daji zai zana iyakar ƙarin da ido yake gani a hoton, ya ƙara wani zagaye domin ƙwayoyin da suka bazu ba a ganin su, ya sake ƙara wani domin motsin jiki da bambancin kwanciya daga rana zuwa rana. Zai kuma zana gaɓoɓin da ake son karewa. Sai masanin fiziks na asibiti ya zaɓi kusurwoyin da hasken zai shigo, da faɗin kowane fili, da tsawon lokacinsa. Abin da ake nema daga kwamfuta shi ne ta faɗi gire nawa kowane tubali zai sha. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, awon da ke cikin wurin da aka nufa kada ya gaza kashi 95, kada kuma ya wuce kashi 107 cikin 100 na abin da aka rubuta.

4.0 Lissafin Hannu da Iyakarsa

Kafin zuwan kwamfuta, da jadawali ake aiki. Akan cika tanki da ruwa, tun da nama ya yi kusa da ruwa wajen tare haske, a nutsa na'urar awo a zurfi daban-daban, a rubuta sakamako. A na'urar kobal mai nisan santimita 80 daga fata, idan filin hasken santimita 10 ne a tsaye da kwance, awo yana kai ƙololuwa a zurfin rabin santimita, a zurfin santimita 10 kuma ya ragu zuwa kimanin kashi 56 cikin 100.

A ɗauki misali. Ana son ƙarin da ke tsakiyar ƙugu, a zurfin santimita 10 ta gaba da ta baya, ya sami gire 2. Za a haska ta gaba da gire 1, ta baya da gire 1. A ƙaddara na'urar tana ba da gire 1 a minti ɗaya a wurin ƙololuwa. Tun da kashi 56 ne kawai suke isa ƙarin, sai a raba 1 da 0.56, a sami minti 1.79 ga kowane fili. Bayan shekara guda ƙarfin kobal ɗin ya koma kashi 87.7 cikin 100 na yadda yake, don haka lokacin zai zama minti 2.04. Wanda ya ci gaba da aiki da tsohon lokaci ya tauye wa majinyaci kashi 12 cikin 100, fiye da ninki biyu na abin da aka yarda a saɓa. Wannan ne ya sa ake sabunta jadawalin na'urar kobal kowane wata.

Akwai wani darasi a cikin wannan lamba ta 56. Idan aka lissafa ƙwayoyin hasken da suka iso zurfin santimita 10 kai tsaye ba tare da karo da komai ba, aka haɗa da raguwar da nisa yake jawowa, abin da ake samu kimanin kashi 44 ne. Ragowar kashi 12 ɗin daga ƙwayoyin da suka yi karo a wani wuri ne, suka karkace, suka dawo nan. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin biyar na awon da ƙari yake sha ya dogara ne da abin da ke kewaye da shi. A cikin tanki, abin da ke kewayen ruwa ne ta ko'ina. A jikin ɗan'adam kuwa akwai huhu da ƙashi da kogon hanci da haƙoran ƙarfe, kuma jadawalin ruwa bai san da su ba.

Manhajojin farko na tsara jinya sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta hanyar raba filin haske zuwa sirara-siraran tsinkaye, a gyara kowane tsinke gwargwadon nauyin naman da ya ratsa. Dabara ce mai sauri, amma tana duban abin da ke kan layi ne kawai, ba ta duban gefe. A shekarun 1980 Thomas Mackie da Anders Ahnesjö suka fito da hanyoyin da suke lura da yadda ƙarfi yake bazuwa ta kowace fuska, kuma har yau a kan irinsu manhajojin asibitoci da yawa suke tafiya. Duk da haka, ƙiyasi ne da aka gina a kan sauƙaƙa lamarin.

5.0 Dabarar Monte Carlo

5.1 Asalinta

A 1946 masanin lissafi Stanislaw Ulam, ɗan asalin Folan da ke aiki a cibiyar Los Alamos ta Amurka, yana murmurewa daga rashin lafiya yana wasan karta shi kaɗai. Ya so ya lissafa sau nawa wasan yake fita, lissafin ya yi masa tsauri, sai ya ga hanya mafi sauƙi ita ce a buga wasan sau da yawa a ƙirga. Shi da John von Neumann suka ɗora wannan tunani a kan tafiyar ƙwayoyin nukiliya, Nicholas Metropolis kuma ya ba dabarar sunan unguwar gidajen caca ta ƙasar Monako. A 1949 Metropolis da Ulam suka buga maƙalar da ta gabatar da ita ga duniya.

Ana iya fahimtar tushenta da kayan gida. A shimfiɗa ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai wa daida, a ɗora faifan da bakinsa ya taɓa gefuna huɗun, a yayyafa gero bai-ɗaya a kai. Idan aka ƙirga, cikin kowace ƙwaya 1000 kimanin 785 za su faɗa kan faifan. An gano girman faifan ke nan ba tare da an auna shi ba. Da ƙwaya 100 amsar takan yi lilo da kimanin kashi 4 cikin 100. Da ƙwaya 10,000 lilon ya koma ƙasa da rabin kashi ɗaya. Dokar ita ce, wanda yake son rage kuskure da rabi sai ya ninka ƙwayoyin sau huɗu, wanda yake son rage shi sau goma sai ya ninka su sau ɗari.

5.2 Tafiyar Ƙwayar Haske Guda

Babu wanda zai iya faɗin inda wata ƙwayar haske takamaimai za ta yi karo. Abin da aka sani daga gwaji shi ne rabon kowane abu da zai iya faruwa. Ƙwayar hasken kobal a cikin ruwa, matsakaicin nisan da take yi kafin karon farko kusan santimita 16 ne, kuma kashi 53 cikin 100 sukan wuce santimita 10 lafiya. Don haka kwamfuta takan jefa ƙuri'a, wato ta zaro lamba tsakanin 0 da 1, ta mayar da ita nisa bisa ƙa'idar raguwar haske. Idan 0.9 ta fito, ƙwayar ta yi karo bayan santimita 1.7. Idan 0.5 ce, bayan santimita 11. Idan 0.1 ce, sai bayan santimita 36, wato ta fice daga jikin majinyaci ba ta bar komai ba.

A wurin karon za a sake jefa ƙuri'a domin sanin irinsa. A ƙarfin da ake jinya da shi, wanda ya fi yawa shi ne karon da Arthur Compton ya bayyana a 1923, inda ƙwayar haske take miƙa wa elektiron wani kaso na ƙarfinta, kusan rabi a matsakaici ga hasken kobal, sannan ta karkace ta ci gaba. Ƙuri'a ta uku za ta faɗi kusurwar karkacewar. Daga nan kwamfuta za ta bi elektiron ɗin tubali bayan tubali, tana rubuta ƙarfin da ta zubar a kowanne, sannan ta koma ta bi ƙwayar hasken har ta ƙare ko ta fice. Wannan tafiya guda ke nan. Sai a ɗauko wata ƙwayar a sake.

Bin elektiron ya fi wuya, domin takan yi karo dubun-dubata kafin ta tsaya. A 1963 Martin Berger ya kawo mafita: a dunƙule ƙananan karo masu yawa a mayar da su taki ɗaya, a zaro sakamakon takin da ƙuri'a. A kan wannan dabara aka gina manyan manhajojin fagen, irin EGSnrc ta Majalisar Bincike ta Kanada, da MCNP ta Los Alamos, da Geant4 ta cibiyar CERN da ke Turai, da PENELOPE ta Jami'ar Basalona.

Nauyin aikin yana bayyana idan aka duba yawan tubalan. Sashen jiki mai santimita 30 ta kowace fuska, idan aka yanka shi tubala masu milimita 3, zai ba da tubali miliyan ɗaya. Domin lilon amsa a tubali guda ya sauko zuwa kashi 1 cikin 100, ana buƙatar ƙarfi ya zuba a cikinsa kamar sau 10,000. Shi ya sa ake bin tafiyar ƙwayoyi miliyoyi ɗaruruwa domin majinyaci ɗaya. A da aikin yakan ci sa'o'i masu yawa, yanzu kuwa da saurin kwamfuta da dabarun taƙaita maimaici, manhajojin asibiti suna gama shi cikin mintoci.

5.3 Inda Fifikonta Yake Bayyana

A ƙugu, inda nama ya yi kusa da ruwa, tsofaffin hanyoyi da Monte Carlo sukan ba da amsa kusan ɗaya. Bambancin yana fitowa ne a huhu da kai da wuya. Elektiron ɗin da hasken kobal ya harba ba ta wuce kimanin rabin santimita a nama, amma nauyin huhu bai fi kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na ruwa ba, don haka a can takan yi ninki uku ko huɗu na wannan nisa. Idan ƙarin ƙarami ne aka haska shi da siririn fili, elektiron da yawa sukan fice ta gefe da ƙarfinsu, waɗanda suke shigowa daga waje kuma ba su maye gurbinsu. Lissafin tsinkaye ba ya ganin wannan asara, sai ya nuna ƙarin ya sha cikakken awo alhali ya gaza, wani lokaci da fiye da kashi 10 cikin 100. Haka lamarin yake a bakin kogon hanci da maƙogwaro da kusa da ƙarfen da aka dasa a jiki.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda take riƙe da tukunyar binciken nukiliya ta farko a Nijeriya tun 2004, masananta sun yi amfani da MCNP wajen lissafin tukunyar, wadda aka sauya wa makamashi zuwa yuraniyam mai ƙarancin tacewa a 2018. Lissafin da ake bin ƙwayoyi da shi a tukunya ɗan'uwan wanda ake bin su da shi a jikin majinyaci ne. Ga shi kuma EGSnrc da Geant4 kyauta ake samun su, ta yadda ɗalibi a Samaru ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada zai iya koyon su a kwamfutarsa, ko da yake tsara jinyar majinyaci sai da manhajar da aka tantance domin asibiti.

6.0 Kwamfuta Ba Ta Ɗauke wa Mutum Alhaki

Kwaikwayo ba ya fin bayanan da aka ba shi inganci. Dole a fara auna na'urar asibitin a tankin ruwa, a daidaita manhaja har amsarta ta dace da awon, kafin a taɓa majinyaci. Haɗurra biyu sun isa misali. A wani asibiti da ke yankin Staffordshire na Ingila, daga 1982 zuwa 1991, ma'aikata sun riƙa yin gyaran nisa da hannu alhali sabuwar manhajar ta riga ta yi shi, sai gyaran ya zama biyu. Kimanin majinyata dubu ɗaya suka sami ƙasa da awon da aka rubuta musu, kuma shekara tara ba a lura ba, domin tauyewa ba ta nuna alama a fata. A Cibiyar Ciwon Daji ta ƙasar Fanama kuwa, tsakanin 2000 da 2001, an shigar wa manhaja siffar tubalan kariya ta hanyar da ba a gina ta a kai ba, sai ta ba da lokacin da ya kai kusan ninki biyu. Majinyata 28 abin ya shafa, wasunsu suka rasu. Binciken Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya nuna ba a sake duba lokacin da lissafin hannu ba, wanda da an yi, da kuskuren ya fito fili.

Saboda haka ƙa'idar aiki ita ce kowane lokacin da kwamfuta ta bayar a sake lissafa shi ta wata hanya dabam. Tun 1969 wannan hukuma tare da Hukumar Lafiya ta Duniya suke aika wa asibitoci ƙananan na'urorin awo ta gidan waya, a haska su a mayar, domin a gwada gaskiyar na'urar kowane asibiti. A Nijeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ce mai ba cibiyoyin haskawa lasisi.

7.0 Batun Kalmomi

Kalmar da ta fi yawo a bakin jama'a da kafafen yaɗa labarai ita ce "gashi". Tana da saurin shiga kunne, amma tana ɗauke da ma'anar wuta da zafi, kamar gashin nama ko gashin ƙashi. Lissafi ya nuna akasin haka. Ana buƙatar jul kusan 4,200 kafin zafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, gire 2 kuwa jul 2 ne kacal a kowane kilo, wato ƙarin zafin bai kai kashi ɗaya cikin dubu biyu na digiri ba. Majinyaci ba ya jin komai a lokacin zaman. Duhun fata da saɓewar da kan biyo baya bayan makonni sakamakon mutuwar ƙwayoyin fata ne. Wanda aka ce za a gasa shi yana da hujjar jin tsoro ya koma gida, wanda kuma ya zauna bai ji zafi ba yana iya zaton na'urar ba ta aiki. Maƙalar tana ganin "haskawa" ko "jinyar haske" sun fi dacewa, tun da Hausawa sun riga sun saba da cewa an haska mutum a asibiti, muddin za a bambanta haskawar bincike da haskawar magani.

"Awo" ya fi "ƙarfi" dacewa da abin da gire yake aunawa, domin yana nuna abu ne da ake tarawa zama bayan zama, kamar awon hatsi. Wannan yana taimaka wa majinyaci ya gane dalilin da ya sa tsallake zama yake da illa: mudun bai cika ba, ƙwayoyin daji kuma suna hayayyafa a kwanakin da aka yi fashi. "Zama" ya fi "kashi" dacewa da rabon kowace rana, saboda "kashi" ya riga ya kama aikin lissafin ɗari-bisa-ɗari. "Kwaikwayo" ya dace da aikin kwamfutar, sai dai a riƙa haɗa shi da "lissafi" domin kada hankali ya tafi ga wasan kwaikwayo.

Sunan Monte Carlo kuwa yana buƙatar hattara. Wanda ya fassara shi bisa asalinsa zai ce "dabarar caca", kuma babu majinyacin da zai yarda a yi caca da ransa, balle a al'ummar da addini ya haramta caca. "Ƙuri'a" ta fi aminci, domin Bahaushe ya san ta a matsayin hanyar raba abu ba tare da son rai ba. Ana iya cewa "lissafin ƙuri'a mai maimaici", domin maimaicin ne yake mayar da abin da ba a iya faɗa a kan ƙwaya ɗaya ya zama tabbatacce a kan miliyoyi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi lissafin awon haske daga jadawalin tankin ruwa zuwa kwaikwayon da yake bin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na awon da ke isa ƙari mai zurfi daga karkatattun ƙwayoyi yake, kuma a nan ne hanyoyin sauƙi suke kuskure idan nama ya bambanta da ruwa. Ta kuma nuna cewa ingancin manhaja ba ya maye gurbin awon na'ura da sake duba lissafi. Abin da ya rage ga manazarta Hausa shi ne su zauna da likitocin daji da masana fiziks na Shika da Sakkwato, a tattara kalmomin da ake yi wa majinyata bayani da su a ɗakin jinya, a gwada sababbin a kan masu sauraro, sannan a shigar da waɗanda suka karɓu cikin takardun neman amincewar majinyaci da shirye-shiryen lafiya na rediyo.